Tarkacen Yaya

Ranar da kwalin ya iso, Injiniya bai iya cin abincin rana ba don zumuɗi. Wata uku ke nan ana jiran sa. Da kansa ya ɗauke shi daga bakin ƙofa zuwa rumfar da motar take, ya hana kowa taɓawa, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin aiki, sannan ya sa wuƙa ya farke bakinsa a hankali. Fistin injin motar ne guda huɗu da hannayensu, sababbi ful, kowanne a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ga kuma metal, wato ɓawon ƙarfen nan da karanshaf, babban sandan cikin inji, ke kwanciya a kai yana juyawa. Duk na asali ne, na kamfanin da ya ƙera motar, kamfanin da ya rufe tun Injiniya yana da baƙin gashi a kansa.

Ba injiniya ba ne fa, gara a faɗa tun yanzu. Malamin makarantar koyon sana'a ne, ya yi shekara talatin da ɗaya yana zana inji a allo har ya yi ritaya. Wansa ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, sunan kuwa ya bi shi har jikoki. Shi wan, da kowa a gidan ke kira Yaya, bakanike ne na gaske, irin wanda baƙin mai ya shiga layukan tafin hannunsa ya zauna daram. Aji uku ya yi a makaranta ya gudu gareji. Duk gardamar da 'yan'uwan nan biyu suka yi a duniya a kan abu ɗaya ce. Ƙanin ya ce littafi ya ce, wan ya ce shi dai bai taɓa ganin littafi riƙe da sifana ba.

Motar ta Yaya ce. Wata 'yar gajeruwa ce mai ƙusumbi, ruwan madara, mai fitilu zagayayyu da suka fito waje kamar idon kwaɗo. An ce guda tara kacal aka taɓa shigowa da su ƙasar, takwas sun daɗe da zama tukwane da ƙofofi. Gawarta ya samu a bayan gidan wani likita shekara arba'in da suka wuce, kaji suna ƙwai a kujerar baya, ya ja ta gida ya tayar da ita. Tun daga nan ba ta taɓa kwana uku a jere ba ta yi ƙara ba. Matarsa, wadda Injiniya ke kira Uwargida, ta ce ta daina jin haushin motar tun da ta gane ba inda haushin zai kai ta.

Wata huɗu da suka wuce Yaya ya ce yana jin wata 'yar ƙara a cikin injin wadda ba ta gamshe shi ba. Ya sauke shi, ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, ya jera kayan a kan kanta a ɗakin ƙasa inda yake ajiye kayan aiki. Kwana shida bayan haka ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kalma ɗaya ciwon ya bar masa, wadda ya yi shekara hamsin yana faɗa daga ƙarƙashin motoci hannunsa a miƙe: "Kawo." Da ita yake neman ruwa, da ita yake gaisuwa, da ita yake faɗa.

A asibiti ya rufe bakinsa ya ƙi abinci. Likita ya yi lallashi, Uwargida ta yi kuka, 'yarsa ta yi magiya, a banza. Injiniya ne ya sunkuya a kunnensa ya ce, "Yaya, zan haɗa maka ita. Wallahi sai ka ji ƙararta daga kan gadonka." Yaya ya dube shi da ido ɗayan da ke motsi sosai, ya daɗe yana dubansa, sannan ya buɗe baki ya karɓi cokali. Daga ranar kowa a gidan ya san abin da ke riƙe da mutumin nan.

Da za a sallamo shi, likita ya ce ba shi ba hawa bene, don haka ɗakin ƙasa zai koma ɗakin kwanansa. Injiniya ne ya kwashe ɗakin a yini ɗaya. Da ya zo kan kantar ya tsaya yana kallon abin da wansa ya ciro daga injin, ransa ya ɓaci irin ɓacin ran malami da ya ga aikin ɗalibi marar ji. Fistin huɗu, ba biyu da suka yi kama da juna. Wani an goge gindinsa da magagari, wani an huda shi a ciki, wani har da tabon walda a hannunsa. Metal ɗin kuwa kamar yara ne suka zuba su a gwangwani. Ya je ya goge jikin injin, ya kwafi lambar da kamfani ya buga, ya ba 'yar Yaya ta nemo masa na asali a wurin wani tsoho a ƙasar waje da ke tara irin waɗannan kaya. Tsofaffin kuma ya zuba su a buhun ɗan gwangwan da ya zo kwashe matattun batura.

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ta ce, "Injiniya, waɗannan fa? Ko shara ya hana ni yi a wurin."

"Tarkace ne, Uwargida. Wannan karon na asali za mu sa mata, ta huta da jagwalgwalon mijinki."

Ta yi dariya, ta ce su dai ba sa girma. Shi ma ya yi dariya.

To, yau ga na asalin a kan jarida. Ya wanke ramukan injin huɗu da kananzir, ya shafa musu mai, ya ɗauki fistin na farko. A aji yakan gaya wa ɗalibai cewa fistin mai kyau yana sauka cikin ramin silinda ne a hankali, da nauyin kansa, kamar cokali cikin zuma. Ya saita shi a bakin rami na ɗaya ya saki. Ƙwal! Ya faɗa har ƙasa ya bugi katakon da aka ɗora injin a kai. Injiniya ya ciro shi ya dudduba, ya ce ko wannan ne aka yi kuskure wurin naɗewa. Ya gwada na biyu a ramin, ya faɗa. Na uku da na huɗu ma haka.

Ya koma rami na biyu. Nan ma da sako-sako, sai dai bai kai na farko ba. Rami na uku ya ƙi karɓa sam, ko bakin fistin ɗin bai shiga ba. Na huɗu ya karɓa rabi ya cije, da ƙyar ya zaro shi. Zufa ta fara karyo masa. Ya buɗe akwatin ma'auninsa na makaranta, wanda yake alfahari da shi, wanda kuma bai ga dalilin fitowa da shi ba wata uku da suka wuce, tunda ga lamba ga littafi. Ya auna ramukan. Rami huɗu, faɗi huɗu, ba ko ɗaya da ya yi daidai da abin da ke shafi na sittin da biyu na littafin motar.

Ya ce to bari ya ga karanshaf. Ya kwantar da sababbin metal, ya ɗora shi, ya ɗaure notuna yadda littafi ya ce. Ya kama shi ya girgiza, sai ga shi yana ƙwas-ƙwas a cikin gadonsa. Ya auna wuyansa, ya ga ya fi siranta a kan mafi ƙanƙantar lambar da kamfanin ya taɓa yi wa metal. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Tsoro ya kama shi.

Daga ɗakin ƙasa, da tagarsa ke kallon rumfar, ya ji muryar wansa. "Kawo?"

"Sun iso, Yaya! Ana nan ana yi!"

Washegari ya ɗauki hayar motar kaya ya kai injin wurin Dogo, mai injin sassaƙar ƙarfe, wanda duk makanikan garin ke kai wa aikin da ya fi ƙarfin sifana. Dogo ya zura yatsa a rami na ɗaya, ya zura a na uku, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wa ya ce maka wannan injin kamfani ne? Lambar ce kawai ta kamfani. Wannan injin Yayanka ne."

Ya yi masa bayani yana share hawaye. Shekara arba'in ba a samun kayan motar nan. Duk lokacin da wani rami ya ci, Yaya sai ya shiga yawo har ya samo fistin da ya kusa, ko na injin ban ruwa, ko na janareto, ko na wata motar da ba wanda ya tuna sunanta. Sai ya kawo wa mahaifin Dogo, a buɗa ramin ko a sa masa rigar ƙarfe a ciki a rage shi, har ya yi daidai da fistin. Sannan ya zauna da sikeli da magagari yana goge su har nauyinsu ya zo ɗaya. Metal kuwa da kansa yake narkawa ya zuba, ya yi kwana biyu yana kankarewa da 'yar wuƙa yana gwadawa.

"Babana ya rasu, kuma shi ba ya rubutu. Yayanka ma ba ya rubutu, a kansa yake ajiyewa."

"To ka buɗe ramukan duka ka sa musu riga, su dawo yadda littafi ya ce."

Dogo ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa bangon rami na ɗaya. Ƙarar ta fito siririya kamar ta gwangwanin madara. "Ka ji? In na sa masa wuƙa, ruwa zai ɓullo. Sai dai wani ya kashe injin nan, ba ni ba."

"A ƙera wasu fistin ɗin fa?"

"Faɗi zan iya aunawa. Tsayi fa? Inda hannu ke kamawa fa? Nauyi fa? In na kuskure da kaurin farce, zai bugi kan inji ya tarwatse. Amma ba abin damuwa ba ne, kawo min tsofaffin. Ko sun ci, zan bi su in fitar maka da irinsu. Wataƙila ma sababbin zobba kawai suke so, ka mayar da abinka."

Injiniya ya kawar da kai. Dogo ya jira, ya sake jira, dariyar ta gudu daga fuskarsa.

"Malam, ina tsofaffin?"

Da Dogo ya ji amsa bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ajiye gudumar ya ce, "Mu a nan ba ma zubar da abin da muka ciro sai sabon ya yi wata guda yana tafiya. Na ɗauka ana koyar da wannan a makaranta." Ba a koyarwa. Injiniya ya san duk shafukan da ya koyar, babu wannan a ciki.

Da ya mayar da injin gida, filin 'yan gwangwan ya wuce. Tsibin ƙarfe ne ya fi gidan bene tsawo, ƙofofin mota da gadaje da tukwane da injinan niƙa, rana ta gasa su har iska na rawa a kai. Ya samu mutumin da ya zo gidan, ya tuna masa buhun. Mutumin ya riƙe haɓa.

"Baba, wata uku fa ka ce? Duk mako manyan motoci ke zuwa su kwashe zuwa inda ake narkawa. Amma ga wuri nan, duba. Wani lokaci ƙananan kaya sukan zube ƙasa."

Kwana uku dattijon nan mai shekara sittin da huɗu ya yi yana tonon ƙarfe da hannu. Ya yanke a tafi, ya yanke a ƙauri, wandonsa ya yage. Duk fistin da ya gani sai gabansa ya faɗi, ya goge shi da riga, ya yi ƙoƙarin tuna kamannin na Yaya. Abin takaici, bai ma kalle su da kyau ba a ranar, kallon raini ya yi musu. Ya tara goma sha ɗaya a buhu ya kai gida ya gwada su ɗaya ɗaya a ramuka huɗun. Ɗaya ya shiga rami na biyu kamar don shi aka yi, har Injiniya ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Da ya auna tsayi, ya ga ya ɗara ramin da kusan yatsa guda.

Bayan wannan ba sauran inda zai je. Kullum da safe yakan shiga rumfar ya zauna, don Yaya yana kasa kunne ta taga. Sai ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa jikin teburi, ya ja ƙarfe a ƙasa, ya kwance noti ya sake ɗaurewa, don dai a ji ana aiki. Yana yi yana jin kunyar kansa. Uwargida ta kawo masa ruwa wata rana ta same shi yana bugun bokiti da sukundireba. Ta dube shi, ta dubi sababbin kayan da ke jere a jarida ba ko ɗaya da aka ɗaura, ta ajiye kofin ta fita.

Amma wanda ya yi shekara hamsin a gareji ba a ruɗinsa da ƙarar bokiti. A kwana na tara Yaya ya ture kwanon karin kumallo, ya nuna keken guragun da ke jingine a bango. "Kawo. Kawo!" Ba yadda suka iya. Su biyu suka ɗaga shi suka zaunar, Injiniya ya tura shi zuwa rumfar kamar mai tura kansa gaban alƙali.

Yaya ya fara shafa ƙofar motar da hannun hagu, sannan ya nuna a matsa da shi wurin injin. Ya zura yatsu a rami na uku ya zagaya, ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu, Injiniya ya ɗora masa sabon fistin. Ya jinjina shi sau biyu, ya juya shi, sai rabin bakinsa mai motsi ya ɗaga. Dariya yake yi, tsohuwar dariyar nan ta ka ga aikin 'yan littafi. Ya ajiye shi a cinyarsa, ya nuna ɗakin ƙasa, daidai bangon da kantar take a da, ya buɗe tafin hannu.

"Kawo."

"Yaya..."

"Kawo."

Injiniya ya durƙusa a gaban keken, gwiwoyinsa a cikin baƙin mai. "Babu su, Yaya. Na bayar da su. Ranar da na gyara maka ɗaki na zuba wa ɗan gwangwan. Na je na nema, an narkar. Ni na yi, ba kowa ba. Uwargida ma ta yi min magana, ban ji ba."

Hannun ya daɗe a buɗe, kamar maganar ba ta isa gare shi ba. Sannan ya rufe a hankali. Bakin Yaya ya yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, ana ganin zagin da ya cika masa ƙirji yana neman hanya, amma ba hanya. Injiniya ya so a ce ya fito, ko wane iri ne. Uwargida ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

Can sai Yaya ya ja dogon numfashi. Ya nuna murfin kwalin da kayan suka zo a ciki, ya nuna alƙalamin da ke aljihun ƙaninsa. Zuciyar Injiniya ta buga. Ai kuwa mutumin nan ya san daga inda kowane fistin ya fito, ya san injin, ya san shekarar. In ya rubuta sunayen, sai a bi su a nemo. Ya ɗora masa kwalin a cinya, ya danna masa alƙalamin a hannun hagu, ya riƙe gefen don kada ya zame.

Yaya ya fara. Bai taɓa rubutu da hagu ba, da daman ma ba gwani ba ne. Alƙalamin ya yi ta rawa, ya huda kwalin sau biyu. Ya ja layi na farko, ya nuna rami na ɗaya. Ya ja na biyu, ya nuna rami na biyu. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga, miyau ya zubo ta gefen bakin da ya mutu, Uwargida ta zo za ta goge ya kawar da kai. Kusan rabin awa ya yi kafin ya gama layi na huɗu. Ya saki alƙalamin ya faɗi ƙasa, ya tura wa ƙaninsa kwalin, ya kafe shi da ido.

Injiniya ya duba. Ya yi shekara talatin da ɗaya yana karanta rubutun ɗalibai, har wanda kaza ma za ta yi musun nata ne. Wannan babu harafi a ciki, babu lamba. Ciwon da ya ɗauke maganar bai bar rubutun ba. Layuka huɗu ne na ƙugiyoyi da da'irori da ba su rufe ba, amma an jera su tsaf, kowanne a gurbinsa, yadda mai abin ya tabbata ya faɗi duk abin da ake bukata.

Ya ɗago. Idon Yaya na kansa yana jira.

"Na gane, Yaya," in ji shi. "Ashe nan ka samo su. To, shi ke nan, an gama."

Kafaɗar Yaya ta sauka. Ya lumshe ido, ya ɗaga hannun hagu ya dafa kan ƙaninsa, ya ɗan tura shi gefe yadda yake yi masa tun suna yara in ya yi wauta an yafe. Suka mayar da shi ɗaki.

Da la'asar Uwargida ta shigo rumfar da sauri, fuskarta a sake, rabon da a ga haka tun kafin asibiti. Ta tarar da Injiniya zaune a kan tayar nan, kwalin a gwiwarsa.

"Ka ga mutumin naka? Har motsa ƙafar ya yarda aka yi masa yau, bai yi gardama ba. To me ya rubuta maka? Wane inji ne? A garin nan za a samu, ko sai an aika?"

"Ban sani ba, Uwargida."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Ai na ji ka ce ka gane."

"Wallahi ban sani ba."

Ta tsaya. Ta matso ta leƙa kwalin ta saman kafaɗarsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta dafa jikin motar.

"Ya nuna min agogo," ta ce a hankali. "Ƙarfe bakwai yake so a fito da shi gobe, ya ga ka fara."

Injiniya ya juya kwalin, sama ya koma ƙasa, ya matso da shi kusa da ido, ko ta haka zai karantu.